E10 ko E5: Wane Fetur Ya Dace da Tsohuwar Motarka?

Tun ranar 1 ga Satumba 2021, duk wanda ya shiga gidan mai a Ingila, Sikotilan ko Wales ya ɗauki kan famfon fetur na yau da kullum, E10 yake ɗura wa motarsa. Arewacin Ireland ta bi sahu a Nuwamba 2022. Faransa ta riga su tun 2009, Jamus ta shigo a 2011, Amurka kuwa ta daɗe da mayar da shi man kowa da kowa. Lambar da ke gaban harafin E tana nuna iyakar itanol ɗin da aka yarda a gauraya a cikin fetur ɗin: E5 har zuwa kashi 5 cikin 100, E10 har zuwa kashi 10, haka har E85. Shi itanol barasa ce zalla da ake tatsa daga rake, masara ko alkama, gwamnatoci kuma suna son sa don rage hayaƙi da rage dogaro da ɗanyen mai.

Ɗan'uwanmu da ya je karatu ko neman abinci a waɗannan ƙasashe ba kasafai yake fara rayuwa da sabuwar mota ba. Tsohuwa yake saye, mai shekara goma sha biyar ko ashirin, wani lokacin ma da niyyar in ya gama da ita ya ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Shi ne ke tsayawa gaban famfo biyu, ɗaya mai araha ɗaya mai tsada, yana tunanin maganar da ya ji cewa E10 na kashe tsohon inji.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an ɗora laifin inda ba nan yake ba. Itanol kashi 10 ba ya cin fistin, ba ya lalata ringi, ba shi ke sa inji ya buga ba. Hasali ma yana ƙara wa fetur okten, wato ƙarfinsa na jure matsi ba tare da ya kama wuta kafin lokaci ba, domin nasa okten ɗin ya haura 100 nesa ba kusa ba. Ɓarnarsa a kan hanyar mai take: tanki, tiyo, famfon mai, filta, kafireto. Saboda haka shekarun mota kaɗai ba sa yanke hukunci. Abin dubawa shi ne da me aka ƙera wannan hanya, ta yaya injin ke auna man da yake sha, kuma motar kullum tana kan titi ko kuwa makonni take yi a ajiye.

Roba da ƙarfe

Tsofaffin tiyon mai da ƙananan robobin da ke toshe gaɓoɓi an yi su ne don fetur zalla. Idan suka daɗe cikin itanol sai su kumbura su yi laushi, in suka bushe kuma su ƙanƙance su tsattsage. Haka fatar da ke cikin famfon mai irin na da, wanda ke manne a jikin inji, da ta cikin kafireto. A motocin da suka fi tsufa akwai gaskit da fulot na ɓawon itace da aka shafe da wani irin ƙaro, shi kuwa wannan ƙaron narkewa yake yi a cikin barasa.

Wannan shi ne haɗarin da ya fi kowane girma, kuma shi aka fi rainawa. Tiyo ya tsage, fetur ya riƙa ɗiga a kan bututun salansa mai zafi, abin da zai biyo baya gobara ce. Amma a yi wa itanol adalci: tiyon da ya shekara ashirin da biyar ya riga ya mutu, ko da ba a taɓa zuba masa ɗigon barasa ba. E10 gaggauta jana'izar kawai yake yi. Kuma E5 ma ba ta tsira ba, don ita ma da itanol a cikinta, ta fi sauƙin cizo ne kurum.

Ɓangaren ƙarfe ya fi rikitarwa. Jikin kafireto yawanci haɗin tutiya da alminiyam ne, jet-jet ɗin ciki na tagulla ne, tsofaffin tankuna kuma ƙarfe ne da aka lulluɓe da dalma da kuza. Itanol mai tsabta, marar ruwa, ba ya yi musu wani abin a-zo-a-gani cikin ɗan lokaci. Sai ya sha ruwa ya tsufa ya fara tsami, sannan za ka buɗe kafireto ka tarar da farin gari-gari a gindin kofin, ko jan tsatsa a filta.

Akwai kuma abin da ke faruwa a watan farko. Itanol yana wanke datti. Motar da ta shekara da shekaru tana tara dauɗa da ƙaro a bangon tankinta, da ta sha E10 sai dauɗar ta saki ta bi mai ta toshe filta ko ƙaramin jet. Mai mota ya ga tana shaƙewa a kan hanya, sai ya ce sabon mai ya kashe masa inji, alhali sabuwar filta ce kawai maganin.

Maganar ruwa, inda gizo ke saƙar

Fetur zalla ba ya haɗuwa da ruwa. Itanol kuwa jan danshi yake daga iska, kamar gishirin da aka bari a buɗe da damina. Wannan yana da amfani a motar da ke aiki kullum: ɗan raɓar da ta taru a tanki sai itanol ya haɗiye ta, ta bi mai ta ƙone a inji, tanki ya zauna a bushe. A nan E10 ya ma fi fetur zalla, wanda ke barin ruwan ya kwanta a ƙasa.

Amma haɗiyar tana da iyaka. A yanayin da ba zafi ba sanyi, E10 na iya riƙe ruwan da ya kai kamar rabin kashi ɗaya cikin ɗari na yawansa, wato wajen rubu'in lita a tanki mai lita 50. In aka wuce haka, ko sanyi ya sauko sosai, sai man ya rabu gida biyu. Ruwa ya janye itanol su kwanta tare a gindin tanki, daidai inda famfo ke zuƙa, fetur ɗin da ya rage a sama kuma ya rasa wani ɓangare na okten ɗinsa. Ka tada mota, ruwan barasa ne zai fara isa inji. Ko ta ƙi tashi, ko ta tashi tana tari. Shi kuma wannan ruwan da ya kwanta yana nan yana cin gindin tankin a hankali.

Motocin zamani tankinsu na roba ne mai kauri, kuma a rufe yake ruf, iska ba ta shiga yadda ta ga dama. Tsohuwar mota tankinta yana numfashi ta marfi ko ta wani ƙaramin bututu, kofin kafireto ma a buɗe yake ga iska. Dare ya yi sanyi, rana ta yi ɗumi, tanki ya shaƙi iska mai laima ya fitar, kullum haka. A ƙasa irin Ingila, inda laima ba ta yankewa, motar da aka kulle a gareji tun daga Nuwamba har Maris da rabin tanki na E10 ta cika duk sharuɗɗan lalacewa. Ita wannan motar dai, da a ce kullum tana zuwa aiki tana shanye tankinta cikin mako biyu, da wuya ta ga wannan matsala.

Shi ya sa nake ganin tambayar "sau nawa kake hawanta?" ta fi "wace shekara aka yi ta?" nauyi. Babur da ake ajiyewa duk hunturu, injin yankan ciyawa, janareta, injin kwalekwale, su ne suka fi cika garejin masu gyara da wannan cuta, ba motocin haya ba.

Kafireto da injekta

Don fetur zalla ya ƙone daidai yana bukatar iska ninki 14.7 na nauyinsa. Itanol yana ɗauke da oksijin a jikinsa, kusan kashi 35 na nauyinsa, don haka iska ninki 9 ta ishe shi. E10 ya faɗa wajen 14.1. Ma'ana, injin yana bukatar ƙarin mai kamar kashi 4 cikin 100 a kan iskar da ya saba shaƙa.

Mota mai injekta da sensar oksijin a salansa ba ta ma san an yi ba. Sensa ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara wa injekta lokacin feshi, shi ke nan. Kusan duk motar fetur da aka sayar a Turai daga 1993 tana da wannan tsari, domin dokar hayaƙi ta tilasta shi. Sharaɗin dai sensar tana raye. Wanda ya bari fitilar inji tana kunne shekara guda, ko aka fasa masa salansa aka cire abin nan da kanikawanmu ke kira indomi aka yar da sensa tare da shi, to ya mayar da motarsa makauniya, ba ta da hanyar gyara awonta yadda ya kamata.

Kafireto ba shi da wannan wayo. Ramin jet ɗinsa ɗaya ne, abin da ya saba bayarwa shi zai bayar. Da E10 sai iska ta ɗan fi mai yawa. A mafi yawan tsofaffin motoci wannan ba ya zama bala'i, domin dama an saita su da ɗan yalwar mai, wasu ma E10 gyara musu hayaƙi yake yi. Wadda aka riga aka matse mata mai don tsimi ita ce za ta nuna alama: silo ba ya zama, in ka taka tana jinkiri kafin ta amsa, fulogi ya yi fari fat, inji ya riƙa ɗaukar zafi. Injin da iska ke sanyaya shi, kamar na tsohuwar Volkswagen Beetle da babura da yawa, shi ya fi cancantar a sa masa ido, don ba shi da lagireto da zai shanye ƙarin zafin. Gyaran ba wuya: bakanike ya ɗan buɗe sukurun mai, in ta kama ya sa jet mai ɗan faɗi.

Wani abin da ke damun masu kafireto shi ne tafasa. Ɗan itanol a cikin fetur yana sa shi saurin zama tururi. Ka tsaya a cunkoso da rana, ko ka kashe mota da zafinta ka shiga shago ka fito, sai ta yi ta juyi ba ta kama ba, saboda man da ke tiyo da kofi ya zama iska. A nan E5 ba ta fi E10 da komai ba, domin ƙaruwar tururin tana kai ƙololuwa ne tun daga kashi kaɗan na farko. Maganin shi ne a nisanta tiyo daga salansa, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin kafireto.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani aji da muka sani sosai: Marsandi 190 da W124 na farko-farko, da Golf GTI na da, masu injekta ta Bosch da ake kira K-Jetronic ko KE-Jetronic. Wannan tsari da matsin mai da wani siririn sanda mai sulɓi yake aiki, ƙwayar tsatsa ɗaya tana iya tsayar da shi, gyaransa kuma akwai tsada. Kamfanin Mercedes bai amince da E10 ba ga motocinsa masu kafireto da waɗanda ba su zo da katalis (indomi) mai sensa ba. Mai irin wannan mota, ni dai E5 zan ce ya saya.

Jerin kamfanoni da abin mamakin da ke ciki

Gwamnatin Birtaniya ta ce kusan kashi 95 cikin 100 na motocin fetur da ke kan titunanta suna shan E10 lafiya, kuma duk wadda aka ƙera daga 2011 ba ta da matsala. Sauran, wajen motoci 600,000 a lokacin, su ne abin magana.

Kowane kamfani ya ja nasa layin. Ford ya amince da motocin da ya sayar a Turai tun 1992, Toyota tun Janairu 1998, Peugeot da Citroën da Nissan tun Janairu 2000. Honda ya ce duk mai injekta, BMW ya ce duk motocinsa na fetur ba tare da duba shekara ba. Ka ga ke nan Peugeot 504 da 505, irin waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna, da 406 na farko, duk suna bayan layi. Sai dai a fahimci abu ɗaya: rashin amincewa ba ya nufin an gwada an ga ta lalace. Sau da yawa kamfani ba ya son kashe kuɗin gwada motar da ya daina sayarwa shekaru da dama, sai ya ja layi inda yake da tabbas ya wanke hannunsa. Peugeot 406 ta Disamba 1999 da ta Janairu 2000 ba su da wani bambancin jini.

Waɗanda aka hana da hujja mai ƙarfi ba ma su ne mafiya tsufa ba. Su ne motocin farkon shekarun 2000 da suka fara fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi mai yawa: injinan FSI na farko a Golf, Polo, Lupo, Audi A2, A3 da A4, Toyota Avensis mai injin 1AZ-FSE lita 2.0 daga 2000 zuwa 2008 da 2AZ-FSE lita 2.4; Ford Mondeo 1.8 SCi, Opel ko Vauxhall Vectra, Signum da Zafira masu injin 2.2 mai lamba Z22YH. Marsandi C200 CGI da CLK 200 CGI na 2002 zuwa 2005. Da injinan GDI na Mitsubishi. Famfunansu masu matsi suna da sassan alminiyam marasa rufi, itanol kuma idan ya haɗu da zafi da matsi yana cin alminiyam kai tsaye, ba ya jiran ruwa. Da zarar cin ya fara ba ya tsayawa don ka koma E5. Ga Corolla ta 1999 tana shan E10 tana wucewa, ga Avensis ta 2006 mai irin wancan injin, da ta fi ta kuɗi da kyau, an hana ta. Wanda ke zaɓen motar da zai saya, lambar injin ya kamata ya duba, ba kyan fenti ba. Gwamnatin Birtaniya tana da shafin intanet na duba wannan, ƙungiyar masu motoci ta ADAC a Jamus ma tana da bayanin, sau da yawa kuma an rubuta a cikin murfin tanki.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka labarinsu daban. Can an fara sayar da fetur mai itanol kashi 10 tun ƙarshen shekarun 1970, kamfanoni suka sauya robobinsu da wuri. Camry ko Accord ta Amurka ta shekarun 1990 da E10 ta girma.

Lissafin aljihu

Lita ɗaya ta itanol tana da kamar kashi biyu cikin uku na ƙarfin litar fetur. Saboda haka E10 yana rage nisan tafiya da wajen kashi 3 idan aka gwada da fetur zalla, amma tsakaninsa da E5 bambancin bai kai kashi 2 ba. Tankin da ke kai ka kilomita 600 da E5 zai kai ka wajen 590 da E10. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ta fi haka ci maka mai. Masu cewa motarsu ta ƙara sha da kashi goma ko ashirin daga ranar da suka canja, su duba sensa da fulogi, domin itanol ɗin da ke ciki bai isa ya yi wannan aikin ba.

A Birtaniya an bar E5 ne a matsayin babban mai, mai okten 97 zuwa sama, kuma yakan ɗara E10 da fiye da feni 10 a lita. A ce litar E10 fam 1.40 ce: asarar kashi 2 ba ta kai feni 3 ba. Ga motar da aka amince mata, sayen E5 don tsimi asara ce tsagwaronta, sai fa in injin ne da kansa ke neman okten mai yawa. Ga motar da ba a amince mata ba kuma, lissafin ya dogara da yawan tafiya. Mai motar marmari da ke shan lita 300 a shekara, ƙarin fam talatin ko hamsin ne, bai kai kuɗin wanke kafireto sau ɗaya ba. Mai zuwa aiki da ita kullum yana shan lita 1,500, shi kam ƙarin ya kai a zauna a yi tunanin canja tiyo da robobi gaba ɗaya a huta.

A Jamus abin ya fi sauƙi, don akwai Super E5 da Super E10 duka masu okten 95, tazarar kuɗinsu kuma santi biyar zuwa shida ce. Duk da haka Jamusawa da yawa sun ƙaurace wa E10 tun rikicin shigowarsa a 2011, har da masu motocin da ba abin da zai same su. Tsoro ne ya zauna, ba hujja ba.

In aka haura goma

Nan kuma ra'ayina ya juya. E15, wanda ake sayarwa a Amurka da sunan Unleaded 88, hukumar kare muhalli ta EPA ta halatta shi ne a 2010 da 2011 ga ƙananan motocin 2001 zuwa sama kawai. Haramun ne a zuba shi a motar da ta girmi haka, ko babur, ko injin kwalekwale, ko ƙananan injina, kuma akwai takarda mai ruwan lemo a jikin famfon da ke faɗin haka. Ko a motocin bayan 2001 ɗin, kamfanoni da dama sun rubuta a littafin mota cewa kada a wuce E10, musamman waɗanda aka yi kafin 2012. Arahar 'yan santi ba ta kai a yi jayayya da littafin ba.

E85 ba na tsohuwar mota ba ne ko kusa. A Amurka itanol ɗin cikinsa yana kamawa daga kashi 51 zuwa 83 gwargwadon yanayi, injin kuma yana bukatar ƙarin mai da ya kai kusan kashi 30, abin da ƙwaƙwalwar mota ta yau da kullum ba za ta iya cikewa ba. Na motocin da aka ƙera musamman ne, waɗanda galibi ke da marfin tanki rawaya. A Faransa, inda yake da araha ƙwarai, an halatta wasu akwatunan da ake ɗaura wa mota mai injekta don ta iya sha, amma da sharuɗɗa da takarda, kuma mai kafireto ba ya ciki.

Masu kare itanol suna yawan kawo misalin Brazil, inda fetur ya kasance E27 tun 2015, aka kuma ɗaga shi zuwa E30 a Agusta 2025, ga tsofaffin motoci suna yawo. Gaskiya ne, amma Brazil ta fara Proálcool, shirinta na amfani da itanol a matsayin man mota, tun 1975, Fiat 147 mai shan barasa zalla ta fito a 1979, masana'antunsu kuma sun yi shekaru suna lulluɓe kafireto da tanki da ƙarafan da ba sa ciwuwa. Misalin yana nuna inji na iya rayuwa da itanol in an shirya masa, bai nuna motar da aka yi don Turai a 1988 za ta iya ba. Indiya ce ta fi kusa da abin tsoron: ta kai E20 a 2025, alhali motocin da aka ƙera don shi daga Afrilu 2023 suka fara, masu tsofaffi kuma ba su da wani famfon da za su koma. Ƙorafin da ya fi yawa can na shan mai ne da na robobi.

A gida Najeriya famfo ba ya ɗauke da E5 ko E10, ko da yake an fitar da manufar gauraya itanol kashi 10 tun 2007. Abin da mutane ke tunawa shi ne Fabrairu 2022, lokacin da aka shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da mitanol fiye da kima, motoci suka lalace, layukan mai suka dawo. Mitanol ɗan'uwan itanol ne amma ya fi shi cin ƙarfe da roba, ya fi shi saurin rabuwa in ya ga ruwa, don haka ba daidai ba ne a auna E10 da abin da ya faru a lokacin. Darasin da ya shafe mu dai shi ne na ruwa da ajiya: man da ya kwana a jarkar 'yan bumburutu, da wanda aka bari wata uku a cikin janareta.

To wanne za ka zuba?

Motarka mai injekta ce, tana cikin jerin da kamfani ya amince, kana hawanta kullum: zuba E10, ka canja filta in ta daɗe, ka manta da zancen. Tana cikin waɗancan masu fesa mai kai tsaye da aka hana: E5 kawai, ban da gwaji ko sau ɗaya, in kuma ƙarin kuɗin ya dame ka to motar ce ba ta dace da kai ba. Mai injekta ce ta shekarun 1990 da ta faɗa bayan layi don shekara kawai: E5 ya fi kwanciyar hankali, amma in ka sabunta tiyo kana kuma hawanta a kai a kai, haɗarin E10 kaɗan ne. In wata rana ka kuskure ka cika irin wannan da E10, ko ba ka sami E5 a ƙauye ba, ba sai an zuƙe tanki ba. Ka ƙone shi a hanya, ka koma E5 a ciko na gaba.

Mai kafireto da ke fita jefi-jefi, E5, kuma ko da E5 ɗin a canja tiyo. A nemi wanda aka buga wa SAE J30 R9 a jiki, daga dillalin da aka yarda da shi domin jabunsa sun yi yawa, a bar R6 da R7 na da. Robobin kafireto da fatar famfo a sa na Viton, wata irin roba mai jure itanol. In za a ajiye ta watanni, tankin ƙarfe a cika shi taf don iska ta rasa wurin zama, a zuba maganin hana mai tsufa, a rufe mai a bar inji ya shanye na cikin kafireto har ya mutu da kansa.

Magungunan kwalba da ake tallatawa suna taimakon ƙarfe wajen rage tsatsa, amma ba sa cire itanol, ba kuma sa kare roba, komai abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Dabarar nan kuma da ke yawo a YouTube, ta zuba ruwa a jarkar fetur a girgiza don a tsame itanol, tana aiki ta fuskar tsamewar, sai dai abin da za ka samu fetur ne da okten ɗinsa ya faɗi ƙasa da abin da injinka ke bukata, ga guba lita da yawa da ba ka da inda za ka zubar, ga tururin fetur cike da gareji. Wanda ke neman mai marar itanol da gaske don janareta ko injin ciyawa, ana sayar da shi a gwangwani a shagunan kayan lambu na Turai, a Amurka kuma wasu gidajen mai, musamman na kusa da tafkuna da bakin teku, suna da famfonsa daban.